Daƙiƙa 20 ga kowace fitowa: yadda ake mayar da katun abin hawa a wurin shakatawa

Fim ɗin katun yakan ci minti 90 ko fiye, amma abin hawan da ake ginawa a kansa a manyan wuraren shakatawa galibi ba ya wuce minti biyar. Duk wahalar sana'ar nan tana tsakanin waɗannan lambobi biyu ne. Wanda ya nace sai ya cusa labarin fim gaba ɗaya cikin minti biyar, abin da zai samu jerin hotuna ne da ba mai gane kansu sai wanda ya haddace fim ɗin.

Tun kafin mai zane ya ɗauki alƙalami, akwai lambar da ake fara yankewa: mutum nawa abin zai ɗauka a awa ɗaya. A ce keken da mahaya ke zama a ciki yana cin mutum 6, kuma ana sakin guda duk bayan daƙiƙa 20. Keke 180 ke nan a awa, mutum 1,080. Wannan a takarda ne. A aikace akan samu kujerar da ta tafi ba kowa, ga mai keken guragu da ke bukatar lokacin shiga, ga yaron da ya tubure a bakin ƙofa, don haka lambar takan sauko. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, daƙiƙa 20 ɗin nan su ne kuma tsawon kowace fitowa, wato kowane sashe na labarin da keke ke ratsawa. Cikinsu mutum-mutumin jarumin, wanda inji ke motsawa, zai juyo, ya yi maganarsa, ya koma yadda yake kafin keke na gaba ya iso. Hawan minti huɗu daƙiƙa 240 ne, fitowa 12 ke nan a lissafi. Marubuci ba shi da fili fiye da haka, kuma duk maganar da ta zarce, rabinta zai faɗa kunnen mutanen da ke baya.

Irin keken da aka zaɓa shi ma yana sauya rubutun. Tsarin Omnimover da Disney ya fara amfani da shi a 1967 jerin kujeru ne a haɗe da ba sa tsayawa. Yana kwashe jama'a sosai, kuma kujerar tana juyawa ta nuna wa mahayi inda zai duba kamar yadda kyamara ke yi. Sai dai fitowarsa ba ta da farko ba ta da ƙarshe, dole ta riƙa maimaita kanta domin kowane lokaci akwai mai kallo. Kwalekwale yana tafiya a hankali, ya dace da waƙa, amma laimar ruwa tana cin ƙarfe da fenti, kuma in aka yi jinkirin sauke mutane sai kwalekwalen su taru a fitowar ƙarshe suna karo da juna. Keke marar layin dogo, wanda Disneyland na Tokiyo ya ƙaddamar a 2000, yana iya rawa da juyawa yadda aka so. Sai dai yana bukatar daɓe mai santsi da tsabta da batir da ake ta caji, kuma da zarar keke ɗaya ya kasa gane inda yake, kwamfuta za ta tsayar da sauran.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ganina ita ce: shi mahayin, wane ne shi a cikin labarin? Da aka buɗe Disneyland a Kaliforniya a 1955, an tsara hawan Snow White a kan cewa mahayi shi ne Snow White ɗin, yarinyar da fim ɗin ke ba da labarinta, saboda haka ba a sa siffarta a cikin fitowowin ba. Jama'a ba su gane ba, suka yi ta tambayar ina take, sai a gyaran 1983 aka sa ta. Hawan Ratatouille da aka buɗe kusa da birnin Faris a 2014 ya amsa tambayar tun daga bakin ƙofa: kai ɓera ne. An gina kayan kicin manya-manya, ana bin ka ana kora, ba ka bukatar wani bayani.

Sai a zo kan fitar da jarumin katun daga allo zuwa abin da ke tsaye a ƙasa. Mai zane ba ruwansa da nauyi, yakan ba jarumi ƙaton kai da siririn wuya da ƙafafu kamar tsinke. Injiniya kuwa dole ya nemi inda zai ɓoye injinan da ke motsa ido da baki, da ƙarfen da zai riƙe jikin. Shi ya sa za ka ga jarumar cikin doguwar riga har ƙasa, ko jarumin ya jingina da dutse: a nan sandar ƙarfen da wayoyin suke. Fatar silikon ce, kuma a gefen baki da wuya da gwiwar hannu take fara tsagewa. Mutum-mutumin da ke motsi duk daƙiƙa 20 na awa 14 a rana yana maimaita motsin sau 2,520 kullum, kusan sau 920,000 a shekara. Motsin da ya yi kyau a ɗakin gwaji amma yake fizgar gaɓa da ƙarfi, gara a rage shi tun da wuri. Injin haidrolik yana da ƙarfi amma yana yoyon mai, na lantarki ya fi tsabta da daidaito, shi ya sa sababbin gine-gine suka fi karkata gare shi.

Fuska ita ce mafi wuya. A hawan Frozen da aka buɗe a 2016 a Epcot, wani wurin shakatawa na Disney a Amurka, an haska fuskokin manyan jaruman da majigi daga cikin kai. Motsin ya yi kama da na fim, amma fuskar tana walƙiya ita kaɗai yayin da jiki ke jiran hasken fitila, sai launukan su saɓa. Da aka gina irinsa a Hong Kong a 2023, fuskoki sassaƙaƙƙu masu motsi aka sa. Shi wannan hawa na Epcot yana koyar da wani darasin kuma: a kan magudanar tsohon hawan Maelstrom na 1988 aka ɗora shi. An rage kuɗi da lokaci, amma labarin ne ya bi hanyar ruwa, har da wurin da kwalekwale ke komawa da baya.

Nuna fitowa a allon bidiyo yana da arha idan aka kwatanta da gina komai da hannu, kuma yana ba da gudun da ba za a iya yi a cikin gini ba. Matsalarsa jiri. In ido ya ga ana gudu amma sashen cikin kunne da ke gane motsin jiki bai ji motsin da ya dace ba, ko keken ya makara kaɗan bayan hoton, ciki zai tashi. Dole kuma hoton ya riƙa sauyawa daidai da inda keken yake, in ba haka ba gine-ginen cikin allon za su lanƙwashe. Bakin allo kuma a ɓoye shi bayan ginshiƙi ko ganye na gaske. Sauti ma haka: in fitowa biyu na maƙwabtaka da waƙoƙi daban, sai a raba su da ƙofa ko kwana, ko a rubuta kiɗan duka a kan bugu ɗaya.

Kafin a ɗauki mutum ko ɗaya, ana loda wa kekunan buhunan yashi ko jarkokin ruwa a yi ta zagaye, bisa ƙa'idoji irin na kwamitin ASTM F24 a Amurka ko EN 13814 a Turai. An raba hanyar gida-gida, keke ba ya shiga wani sashe sai na gabansa ya fita. A lokacin wannan gwaji ne ya kamata a gwada shiri na biyu na kowace babbar fitowa: in babban mutum-mutumin ya tsaya da tsakar rana, wane labule zai rufe shi, wane hoto zai maye gurbinsa, kuma ta wace ƙofa ma'aikaci zai kai ga injin da dare ba tare da an kwance rabin fitowar ba.