Yadda ake sauke ƙaramin jirgin sama Cessna 172 a wasan Microsoft Flight Simulator

Sauka mai kyau tun daga nesa take farawa. Da ka fuskanci titin sauka, sauke filaf (faifan da ke bayan fiffike) zuwa digiri 30, ka riƙe gudu a not 65 (not ma'aunin gudun jirgi ne). Hancin jirgi ke gyara gudu, totur ke gyara tsayi. Fitilun PAPI, wato fitilu huɗu na gefen titi masu nuna ko tsayinka daidai ne: biyu farare biyu jajaye, kana daidai. Huɗu jajaye, ka yi ƙasa da yawa, ƙara wuta.

Kana tsallake bakin titi, janye totur, ka kai ido can ƙarshen titi, ka ɗaga hanci sannu a hankali har tayoyin baya su taɓa. Yawan gudu ke sa jirgi tsalle. In ya yi, kada ka danna hanci ƙasa, tayar gaba za ta sha wahala. Ba shi wuta duka, ka sake zagayowa.