Inda kunya ta mutu a ƙasan teku

Da na je yi wa Kawu sallama na ce masa zan bi jirgin bincike zuwa ƙarshen kudancin duniya mu auna wata kunya da ta mutu, sai ya ajiye buta ya ƙare mini kallo. "Kai ɗan nan, in dai inda kunya ta mutu kake nema, ai ba sai ka hau jirgi ba. Je ka tashar mota ranar kasuwa." Da ƙyar na fahimtar da shi cewa kunya irin ta gona nake nufi, wadda garma ke tayarwa, sai dai wannan a ƙasan teku take, kuma tsawonta na ɗaruruwan kilomita ne. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ƙara da cewa boko bai bar komai ba.

Daga Ushuaia muka tashi, garin da ke can gindin Ajantina, cikin watan Disamba, lokacin da ake bazara a wannan sashe. Mashigin Beagle lumui yake, duwatsu masu hular ƙanƙara dama da hagu, har na fara raina labarin da ake ba ni. Washegari muka fita sararin mashigin Drake na gane kurena. Tsakanin ƙarshen Amurka ta Kudu da tsibiran Shetland ta Kudu akwai ruwa na kimanin kilomita 800, kuma iskar yamma tana zagaye duniya a nan ba tare da wata ƙasa ta tare ta ba. Kwana biyu ina kwance, citta a baki, bokiti a gefe. Salla ma a zaune na yi ta. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne da na duba alƙibla na same ta gabas sak, kamar ban bar gida ba. Lokutan ne suka rikice, don dare ba ya yin duhu sosai, shafaƙi bai gama ɓacewa ba sai ka ga alfijir.

Aikina a jirgin gadi ne, daga 12 na dare zuwa 4 na asuba, gaban allunan kwamfuta a wani ɗaki marar taga. A ƙarƙashin jirgin akwai na'ura mai aika sauti ƙasa kamar buɗaɗɗen mahuci, tana sauraron dawowarsa. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, saboda haka in ya yi daƙiƙa 5 kafin ya dawo, zurfin wurin ya kai mita 3,750. A bayanmu kuma muna jan wata na'ura da igiya mai tsawo, ma'aikatan jirgin na kiranta kifi, ita ke auna maganaɗisun duwatsun ƙasa. Duk tafiyar nan ban ga ƙasan teku da idona ba ko sau ɗaya. Launuka kawai nake gani suna fitowa layi bayan layi, shuɗi in wuri ya yi zurfi, ja in ya taso.

Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, faya-fayai ne da ke motsi a hankali, kamar yadda farce ke tsiro. Inda biyu ke rabuwa, narkakken dutse kan taso ya cike gurbin, ya daskare ya zama sabon ƙasan teku. Da yake sabon dutse na da zafi, a kumbure yake, shi ya sa wurin ke tasowa kamar kunya. Wadda muka zo nema sunanta Phoenix. Faifan da ke ɗauke da wannan suna ya daɗe yana nutsewa ƙarƙashin hancin Antatika, wato zirin ƙasar da ya miƙo wajen Amurka ta Kudu, sama da shekara miliyan 100, ita kuma kunyar tana ta matsowa kusa da ramin da ke haɗiye shi. Gaɓoɓinta na kudu maso yamma duk sun isa ramin ɗaya bayan ɗaya, suka toshe shi. Gaɓoɓi 3 ne kacal suka rage, kuma kafin su isa sai aikin ya tsaya, kimanin shekara miliyan 3.3 da suka wuce. Sunan na wani tsuntsun tatsuniya ne da aka ce yana tashi daga tokarsa. Wannan dai bai tashi ba.

Na tambayi shugabar masu bincikenmu, wata dattijuwa da ta ƙetare Drake fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, yadda aka san ranar mutuwar abin da ba wanda ya halarci jana'izarsa. Ta ja kujera ta nuna mini zanen da kifin nan ke fitarwa, yana hawa yana sauka. Maganaɗisun duniya kan juya, arewa ta koma kudu, kuma juyin ƙarshe ya faru kimanin shekara 780,000 da suka wuce. Duk dutsen da ya daskare yakan riƙe alƙiblar zamaninsa. Saboda haka ƙasan teku ratsi-ratsi ne, ratsin dama daidai da na hagu, kamar yadda masana biyu, Vine da Matthews, suka bayyana a 1963. Nan take na tuna masaƙan ƙauyenmu. In ka san jerin launukan da masaƙi ke bi, fari, baƙi, fari, saƙi, to ko ba ya nan za ka gane inda ya ajiye ƙoshiya ya tashi. A kunya mai rai, ratsin zamaninmu ne ke tsakiya. A Phoenix babu shi, babu ma waɗanda suka gabace shi. Saƙar ta yanke a tsakiyar zane.

Daren da muka fi jira shi ne na gaɓar arewa maso gabas. Muka bi kwarin tsakiyar kunyar a hankali, tuddai na rakiyarmu gefe da gefe a kan allo. Wajen ƙarfe 3 sai shuɗi ya fara komawa kore, kore ya koma rawaya, lambobin zurfi suna raguwa kamar ana zare su. Wani bango ne ya gitta gabanmu, miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiyar magina. Kwarin da muke bi bai lanƙwasa ba, bai sirance ba, kawai ya zo ya ƙare a jikinsa. Wannan shi ne tsagin Shackleton, wanda ya taso daga kusa da ƙarshen Amurka ta Kudu ya nufi tsibirin Elephant, kuma a wurare da dama ya ɗara ƙasan da ke kewaye da shi da fiye da mita 1,000. Na buga wa shugabar waya kamar yadda ta umarta. Ta sauko da bargo a kafaɗa, ta tsaya bayana ba ta ce uffan ba har muka haye.

Kunyar teku ba ta tafiya a miƙe, gaɓa-gaɓa take, kowace a goce da 'yar'uwarta, kamar fallayen saƙa da aka ɗinka ratsinsu bai haɗu ba. Ɗinkin da ke tsakaninsu shi ne tsagi. Yawanci tsakanin gaɓoɓin biyu ne kawai yake motsi, sauran tsawonsa tabo ne. Tsagin Hero, wanda ya tokare Phoenix daga kudu maso yamma, ya zama irin wannan tabon. Shackleton kuwa bai kwanta ba, har yau shi ne iyaka tsakanin faifan Antatika da na Scotia, suna gogar juna, ana kuma jin girgizar ƙasa a kansa. Abin da ya fi ba ni mamaki, a ƙetarensa akwai wata matacciyar kunyar, ta yammacin Scotia, wadda ta tsaya kimanin shekara miliyan 6 da suka wuce. Gawa biyu ke nan, kowace ta jingina kai da bango ɗaya, bangon kuma da ransa.

Mu ma muna da dangin wannan a gida, ko da yake tamu ba ta kai ga zama kunya ba. Lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, kwarin Binuwai ya fara tsagewa sannan ya tsaya, teku ya shiga ya fita, shi ya sa ake tono burbushin halittun ruwa a farin dutsen Ashaka. Na faɗa wa abokin gadina wannan, ya ce shi Najeriya man fetur kawai ya sani.

Washegari aka saukar da wani kwandon ƙarfe mai bakin haƙora don ya kankaro mana dutse daga gefen kunyar. Awa kusan 5 ana sauke waya ana naɗewa. Da ya fito, fiye da rabin abin da ke ciki ba 'yan gari ba ne: tsakuwa ce da duwatsu masu santsi waɗanda tsaunukan ƙanƙara suka ɗauko daga Antatika, suka narke suka zubar a nan. Muka durƙusa a kan dandamalin jirgi, yatsu sun ƙage, muna tsince su kamar masu tsintar shinkafa. Na gaskiyar baƙaƙe ne, masu nauyi, an lulluɓe su da wani baƙin ɓawo mai shafa hannu kamar kunkunniya. Manganis ne da ƙarfe, waɗanda ke taruwa 'yan milimita kaɗan a shekara miliyan. Dutsen kunya mai rai ƙyalli yake kamar fasasshiyar kwalba. Waɗannan sun daɗe a zaune.

Tsibirin Elephant hazo ya hana mu gani, sai inuwarsa a na'ura. Na so in ga gaɓar da mutum 22 na tawagar mai binciken Antatika, Ernest Shackleton, suka zauna ƙarƙashin kifaffun kwale-kwale wata huɗu da rabi a 1916, kafin jirgin Yelcho na ƙasar Chile ya kwashe su. Ba rabo.

Daga nan muka koma yamma, sannan muka yi kudu, muka haye ramin Shetland ta Kudu, inda allona ya nuna fiye da mita 5,000, zurfi mafi girma da na gani a tafiyar. Ashe mutuwar kunyar ba ta kashe komai da komai ba. Guntun faifan da ya riga ya shiga ƙasa yana ci gaba da nutsewa da nauyin kansa, yana janyo tsibiran zuwa arewa maso yamma, bayansu kuma yana buɗewa 'yan milimita a shekara. Wannan buɗewar ita ce mashigin Bransfield, mai duwatsun aman wuta a ƙarƙashinsa. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo sama, shi ne tsibirin Deception, mai siffar kofaton doki, wanda teku ya cika cikinsa. Ta wata siririyar ƙofa ake shiga, matuƙinmu ya hana kowa magana har muka wuce. Aman da ya yi a 1967 da 1969 ya rusa tashoshin binciken Chile da na Birtaniya.

Kafin a bar mu mu sauka sai da aka wanke takalmanmu, aka zuƙe aljihunanmu da injin shara don kada mu kai baƙon iri. A nawa aka sami ƙwayar riɗi guda biyu, ragowar kantun da Inna ta cusa mini, aka ƙwace su kamar kayan fasa-ƙwauri. Bakin ruwan baƙin yashi ne, ga tsofaffin tankunan man kifi sun yi tsatsa sun karkace, ga tururi na tashi inda ruwa ya janye. Na cire safar hannu na tura yatsuna cikin yashin. Sama-sama sanyi ne mai cizo, amma da na nutsa zuwa wuyan hannu sai na ji ɗumi kamar tokar murhu da safe, na ƙara turawa na janye da sauri. Ina cikin neman wanda zan nuna wa sai jirgi ya busa ƙaho sau uku, iska ta juya, aka ce kowa ya koma kwale-kwale.