Asabar a Pearl Harbor: jirgin makanikai

Taronmu ya ƙare jiya, sai na ce kafin in bar Honolulu bari in leƙa Pearl Harbor, tashar sojan ruwan Amurka da Japan ta kai wa hari. Kwalekwalen sojan ruwa ne ya kai mu farin ginin da aka yi a kan gawar jirgin ruwan yaƙi Arizona. Har yau mai na tsatstsafowa daga ƙarƙashin ruwa. Mutum 1,177 suka mutu a cikin jirgin ranar 7 ga Disamba 1941, sunayensu na jere a bango, kowa ya nufi can. Ni kuwa wani suna ne ya tsayar da ni, a jikin dakalin siminti da ake ɗaure jirage: Vestal.

Vestal gareji ne mai tafiya a kan teku, cike da masu walda, maƙera, kafintoci da masu gyaran wuta. A 1909 ya fara aiki, yana dakon kwal. A 1913 aka mayar da shi jirgin gyara, a 1917 yana Queenstown ta Ayilan yana gyara jiragen yaƙin Amurka. Ke nan lokacin da Japan ta kawo hari ya riga ya tsufa. Ana gobe harin ya jingina da Arizona don yi masa wasu gyare-gyare.

Bama-bamai biyu suka same shi, ɗaya ya huda shi har ya fita ta ƙasa. Da ma'ajiyar albarusan Arizona ta tashi, ƙarfin fashewar ya wurga kwamandan Vestal, Cassin Young, cikin ruwa. Mutumin nan ya yi iyo cikin mai, ya hau jirginsa, ya tarar mutanensa na shirin gudu, ya ce kowa ya koma bakin aikinsa. Aka sare igiyoyi, aka ja jirgin zuwa gaɓar Aiea, aka kafe shi a tudu don kada ya nutse. An ba Young lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, amma bai cika shekara ba aka kashe shi a yaƙin Guadalcanal, cikin Nuwamba 1942.

Jarumtar Young kowa na faɗinta. Abin da ya fi burge ni shi ne aikin da ya biyo baya. Ma'aikatan tashar sun duƙufa kan manyan jiragen yaƙi, saboda haka makanikan Vestal da kansu suka yi yawancin gyaran jirginsu. Daga nan sai kudancin Fasifik. A Tonga suka yi wa Saratoga, mai dakon jiragen sama, facin da ya isa ya kai shi gida. A tsibirin Majuro, cikin 1944, suka tallafe gaban jirgin Washington bayan ya yi karo da jirgin Indiana. A 1945 suna kusa da Okinawa, suna karɓar jiragen da matuƙan ƙunar baƙin wake suka ragargaza. Aka sallami Vestal a 1946, a 1950 aka sayar da shi ga 'yan gwangwan.

Da dare na kira Kawu, wanda ya tsufa yana walda a Kano. Na ce, "Kawu, yau na ga inda 'yan sana'arku suka yi yaƙi." Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, ɗana, a tsakiyar teku ina suke samun ƙarfe da iskar gas?" Muka yi ta lissafin kayan da jirgi irin wannan zai ɗauka har agogonsa ya tuna masa asuba ta wuce, zai fita shago.