Shan Wuya Ba Shi Ne Ma'aunin Horo Ba

Duk inda sojan ƙasa da na ruwa da na sama suka zauna wuri guda, ba a daɗewa gardama ɗaya take tashi, wato wane ne ya fi shan wuya lokacin da yake kurtu. Na ƙasa zai kawo doguwar tafiyar ƙafa da kaya a gadon baya da kwanan rami, na ruwa ya kawo ninƙaya da shaƙar hayaƙi, na sama kuwa sau da yawa shiru yake yi, domin an riga an yanke masa hukunci tun kafin ya buɗe baki. Yanzu da nake shirin ajiye kaki bayan shekarun da akasarinsu na yi su ne a aikin horas da ƙananan sojoji, ina ganin ya wajaba in faɗi abin da na gani game da wannan gardama, domin a bakin ƙananan sojoji raha ce, amma idan ta shiga kan wanda yake da iko a hannunsa takan zama ɓarna.

Masu gardamar sun fi son lissafin makonni, kuma lissafin yana nan. A Amurka, dakarun kundumbala da ake kira Marines suna yin mako 13 a tsibirin Parris ko a San Diego, suna ƙarewa da jarrabawar awa 54 ta yunwa da ƙarancin barci, sojan ƙasa yana yin mako 10, na sama kuma mako bakwai da rabi a sansanin Lackland da ke jihar Texas. A Ingila, dakarun kundumbala na Royal Marines suna yin mako 32 a Lympstone, alhali kurtun sojan ruwa da na sama kowannensu mako 10 yake yi. A Najeriya ma kowace runduna da ƙofarta: na ƙasa a Daffo ta Zariya wadda aka kafa tun 1924, na ruwa a Onne, na sama a Kaduna. Abin da lissafin ba ya nunawa shi ne cewa horon farko ƙofar shiga ce kawai, kuma yaron da ya fito daga gajeren horo na rundunar sama yakan wuce kai tsaye makarantar koyon aikin injin jirgi ko na'urorin sadarwa, inda kuskure ɗaya a jarrabawa yake iya mayar da shi baya.

Wanda ya tilasta mini yin tunani mai zurfi a kan wannan wani Manjo ne da na yi aiki a ƙarƙashinsa a wani sansanin share fage, inda aka tara yara daga rundunonin uku domin a daidaita su kafin a tura su aikin haɗin gwiwa. Ni ne babban mai horarwa a ƙarƙashinsa. Tun a faretin farko ya bayyana wa kowa ra'ayinsa, cewa a wurinsa wanda bai bi ta horon sojan ƙasa ba bai zama soja ba tukuna, kuma shi zai gyara abin da makarantunsu suka kasa yi. Na ɗauka maganar buɗe taro ce irin wadda ake yi don a tsorata sababbin zuwa, sai da ya aiko mini da jadawalin da ya sake da hannunsa na gane da gaske yake. Ya rage awoyin harbi, ya soke rabin darasin taimakon gaggawa ga wanda aka raunata, ya kuma cike gurbin da gwale-gwale na musamman ga 'yan ruwa da 'yan sama kaɗai: tsallen kwaɗo da tsakar rana, birgima da bindiga a sama, gudu da cikakken kaya ba tare da an ɗauki lokaci an saba musu da nauyin a hankali ba. 'Yan ƙasa suna tsaye a inuwa suna kallo, wasu suna dariya, kuma wannan dariyar ita ce ta fi damuna, domin mutanen da za su kwana a rami ɗaya bayan 'yan makonni ake koya wa raina juna.

Ba ina cewa waɗannan yara ba su da gibin da ya kamata a cike ba ne. Suna da shi. Yawancinsu ba su saba doguwar tafiya ba, ba su iya haƙa rami da sauri ba, kuma hannunsu bai faɗa da bindiga kamar na 'yan ƙasa ba. Horon sojan ƙasa an gina shi ne a kan abin da yake kashe sojan ƙasa, wato gajiya da tsoro da ruɗewa a lokacin da harsashi yake shawagi, shi ya sa ake maimaita abu ɗaya har sai jiki ya iya yinsa ko da hankali ya tashi. Wannan gibin kuwa da harbi da sintiri da tafiyar da ake ƙara wa nisa kaɗan-kaɗan ake cike shi, waɗanda su ne ainihin abubuwan da Manjo ya rage.

A zaman da nake yi da yaran da yamma ne na fahimci abin da makarantunsu suka dasa musu. Ɗan ruwa, duk inda ya shiga, idonsa yana neman inda aka ajiye abin kashe gobara da inda ƙofar fita take, domin babban abokin gabarsa a cikin jirgi wuta ce da ruwan da yake kutsowa, kuma a tsakiyar teku babu inda za a gudu, babu kuma 'yan kwana-kwana da za a kira. Rundunonin ruwa da jini suka sayi wannan darasi. A ranar 29 ga Yulin 1967, wani makamin roka ya tashi bisa kuskure a kan jirgin ruwan Amurka mai ɗaukar jiragen yaƙi, USS Forrestal, a gaɓar Biyetnam, gobarar da ta biyo baya ta kashe mutum 134. Ƙwararrun masu kashe gobara na jirgin da dama sun mutu a fashewar farko, waɗanda suka rage kuma ba su da horon, har wasu suka riƙa wanke kumfar kashe wuta da ruwa ba tare da sun san ɓarna suke yi ba. Bayan haka ne aka tsananta koyar da kashe gobara ga kowane ma'aikacin jirgi. Ɗan sama kuma an raine shi a kan ƙirga kayan aiki kafin ya fara da bayan ya gama, da bin rubutaccen tsari layi bayan layi, da tsintar duk wani ƙarfe ko tsakuwa a titin jirgi. Wanda yake ganin wannan ragwanci ne ya tuna da jirgin Concorde da ya faɗi kusa da birnin Faris a watan Yulin 2000, inda wani ɗan siririn ƙarfe da ya faɗo daga wani jirgi a kan titin tashi ya fasa masa taya, mutum 113 suka rasa rayukansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kowace runduna kuma tana horas da ɗanta ne a kan hanyar da mutuwa ta fi zuwar mata.

Ana cikin haka wani yaro daga rundunar sama, makanikin injin jirgi, wanda duk abokansa suka shaida ƙwarewarsa, ya faɗi a wurin tsallen kwaɗo gwiwarsa ta goce. Na umarta a kai shi wurin likita, Manjo ya ce a mayar da shi layi domin ƙarya yake yi. Ya ƙarasa yinin yana jan ƙafa, kafin gari ya waye gwiwar ta kumbura har wando ba ya shiga. Daga baya likitoci suka tabbatar jijiya ce ta tsinke, kuma bai sake komawa cikakken aiki ba.

A daren na nemi izinin ganin Manjo a ofishinsa, ni da shi kaɗai, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, ban yi masa magana a gaban yara ba ko sau ɗaya. Na sara masa na ce, "Yallaɓai, ina roƙon a dawo mana da awoyin harbi da na taimakon gaggawa. Yaran nan ba taurin jiki suka rasa ba, sabo da aikinmu suka rasa, kuma idan muka karya su a nan ba mu da wanda za mu tura." Ya dube ni ya ce, "Samanja, ashe kai ma ka yi laushi. Je ka yi abin da aka umarce ka." Na sake sarawa na fita, na kuma aiwatar da jadawalinsa kamar yadda ya rubuta, sai dai na riƙa amfani da lokacin hutuna da na sajojina muna koya wa yaran ɗaure rauni da warware bindiga da haɗa ta bayan an tashi daga aiki. Rahoton raunin yaron kuwa na rubuta shi yadda abin ya faru, da sa'a da sunan atisayen da umarnin da aka bayar, na ƙi sauya shi lokacin da aka nuna mini cewa zai fi kyau a ce a wurin wasan ƙwallo ya ji ciwo.

Sakamakon ya zo a rahoton ƙarshen shekara. Manjo ya rubuta cewa ina da sassauci ga na ƙasa da ni, kuma biyayyata ga na gaba tana da rauni. Duk wanda ya sa kaki ya san abin da jimla irin wannan take yi wa fayil. Sunana ya fita daga jerin masu zuwa kwas ɗin ƙarin girma na wannan zagaye, waɗanda na horar da hannuna suka zo suka wuce ni, kuma da muƙamin da nake riƙe da shi a wancan sansani zan yi ritaya. Shi kuwa an yaba masa a kan cewa ya fitar da dakaru masu tauri. Kafin a rufe sansanin wuta ta taɓa kamawa a jikin janareta kusa da gangunan mai, kuma 'yan ruwan nan da ake yi wa dariya su ne suka kashe ta cikin tsari, kowa ya san inda zai tsaya ba tare da an ba shi umarni ba, amma ko sunan ɗaya daga cikinsu bai fito a rahoton da aka aika sama ba. Na yi ƙoƙari in yafe, kuma ina ganin na yafe abin da ya shafe ni, amma na yaron nan ba hakkina ba ne balle in yafe shi.

Irin wannan tunani ba a wuri ɗaya ya tsaya ba, kuma manyan rundunonin duniya sun ɗanɗana kuɗarsa. A watan Afrilun 1956, wani mai horarwa a tsibirin Parris, Saje Matthew McKeon, ya tura kuratansa cikin wani rafi mai suna Ribbon Creek da dare domin ya ladabtar da su, shida suka nutse, aka gurfanar da shi gaban kotun soja, rundunar kuma ta sake tsarin sa ido a kan masu horarwa. A 2020 makarantar sojan ƙafa ta Amurka ta daina al'adar nan ta yi wa sababbin kurata rubdugu da ihu a ranar farko, ta maye gurbinta da aikin da sai sun haɗa kai za su iya gama shi. Ba wanda ya isa ya ce waɗannan rundunoni sun daina wahalar da kurtu. Sun dai gane cewa akwai wuyar da take koya wa mutum abin da zai cece shi, akwai kuma wadda ba ta koyar da komai sai tsoron mai ba da umarni, kuma ta biyun ta fi sauƙin shiryawa domin ba ta buƙatar harsashi ko malami ko tunani.

Ga sajoji da kofurori masu tasowa da za a ba su yara daga wata runduna, shawarata ita ce su fara da tambayar abin da aka riga aka koya wa yaran kafin su yanke hukunci a kan abin da ba su iya ba. Kowane atisaye mai wahala a iya faɗin dalilinsa a jimla ɗaya, idan an kasa to a cire shi daga jadawali. Ɗan ruwa a ba shi kula da man fetur da kayan kashe gobara, ɗan sama a ba shi ma'ajiyar makamai da lissafin kaya, za a ga bambanci cikin mako guda. Kada a hukunta wani rukuni a gaban wani. Ƙorafi a kai shi ofis, a cikin ladabi, kuma a san cewa ladabin ba lallai ne ya kare mutum ba. Rahoton rauni kuwa a rubuta shi daidai a ranar da abin ya faru, a kuma ajiye kwafi.

Kwafin nawa shi ne ya yi amfani lokacin da makanikin nan ya nemi a amince cewa a bakin aiki ya sami rauninsa, domin a lissafa masa hakkinsa yadda ya dace. An nemi shaidata a rubuce na bayar, kuma na sanar da shi cewa ko bayan na ajiye kaki, duk ranar da kwamitin ya kira ni zan je in maimaita abin da na rubuta.