Waya ma kayan sana'a ce ga makaho

Ɗan yayata ya yi makarantar makafi ta Akropong a Ghana, ya zarce har ya samu difloma, kuma a kan kwamfuta ya fi ni sauri nesa ba kusa ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne hanya. Duk ran da aka kira shi ganawar neman aiki a Adum, tsakiyar birnin Kumasi, sai mun nemo ɗan jagora daga nan Aboabo, mu biya kuɗin trotro, wato motar haya, na mutum biyu, yaron kuma ya yi asarar makarantar ranar. Shi kuwa mai ɗaukar aiki, da zarar ya ga an riƙo hannunsa an shigo da shi, sai tambayar ta koma: “To wa zai riƙa kawo ka kullum?”

Waya mai kyau tana amsa rabin wannan tambaya. Manhajar TalkBack na karanta masa abin da ke kan fuskar waya, Google Maps ko Lazarillo su faɗa masa titin da yake da inda zai sauka, lambar adireshi ta GhanaPostGPS da aka ɓullo da ita a 2017 ta kai shi kusa da ginin. In ya iso, ya buɗe manhajar Be My Eyes, wani ɗan sa-kai ya duba ta kyamara ya karanta masa allon ƙofa. Wayar ba ta san buɗaɗɗen lambatu ba, ba ta san pragya, babur mai ƙafa uku, ta taho ba. Wannan aikin farar sanda ne da horon tafiya. Ya ce min, “Kawu, sanda na gaya min abin da ke gaban ƙafata, waya ta gaya min inda na dosa.”

Kuɗin fa? A asusun Common Fund na majalisun gundumomi akwai kason naƙasassu, da can kashi 2 cikin ɗari, daga baya aka ƙara shi, kuma kayan tallafin naƙasa na cikin abin da aka yarda a saya da shi. Sai dai an saba raba firiza da keken ɗinki, shi ya sa da muka ambaci waya a ofishin gundumarmu, aka dube mu kamar mun zo neman kayan gayu. Wannan ya ƙona min rai. Firiza alheri ce ga mai sayar da ruwan sanyi, amma me mai difloma zai yi da ita?

Sai muka sake takardar neman tallafin. Muka jera aikin kowace manhaja, muka haɗa da takardar farashi daga shago, kwafin shaidar karatunsa, da wasiƙun gayyatar ganawa. Muka sa kuɗin data da na abin sawa a kunne, domin waya ba data ba ta kai kowa ko'ina. Ƙungiyar Ghana Blind Union ma wuri ne na neman shawara kafin a miƙa.

Takarda na hannunsu, muna jira. Kafin nan na kai maganar gaban kwamitin zakkar masallacinmu, liman ya ce in zo da yaron ranar Juma'a ya nuna wa jama'a yadda abin ke aiki.