Azuzuwan haziƙai sun taimake ni shiga UCLA, amma ba kowa za su yi wa rana ba

Wanda ya san yadda mai ND ko NCE ke shiga jami'a kai tsaye a aji biyu a Najeriya ba zai sha wuyar gane kwalejin al'umma ta Kalifoniya ba. Shekara biyu za ka yi, ka tara yunit 60, sannan ka nemi jami'a ta ɗauke ka a aji uku. Mazaunin jihar dala 46 yake biya a kowane yunit, shi ya sa irinmu masu aikin dare muke bi ta nan. Tun da na samu shiga UCLA, reshen Jami'ar Kalifoniya da ke birnin Los Angeles, 'yan uwa ke tambayata ko azuzuwan haziƙai, waɗanda ake kira honors, su ne sirrin.

Sun taimaka, amma ba ta inda ake zato ba. Ba a ƙara maka ko ɗigo a maki don ka yi su. Makin A na ajin haziƙai da na ajin kowa da kowa nauyinsu ɗaya a lissafin GPA. Abin da ya yi mini aiki yarjejeniya ce. UCLA tana da shirin TAP da kwalejoji da dama na jihar: ka kammala tsarin haziƙai na kwalejinku, galibi yunit 15, kusan kwas biyar ke nan, kwaleji ta ba da shaida, sai a ba takardarka fifiko a sashen Letters and Science, wato na fannonin adabi da zamantakewa da kimiyya. Har ana iya duba ka a fanni na biyu idan ba ka samu na farko ba. Fifiko ne fa, ba alkawari ba. Alkawarin yana cikin wani shiri daban, TAG, wanda rassa shida na Jami'ar Kalifoniya suke bayarwa, irin su Davis da Irvine da Santa Barbara. UCLA da Berkeley da San Diego ba sa ciki.

Amfanin da na fi ji a jikina shi ne ajin kansa. A kwas ɗin tarihi teburi ɗaya muke zagayewa, babu layin baya da mutum zai laɓe. Nakan taso daga aiki a sito, in yi karatun a cikin bas, ido na yaji, domin na san malama sai ta kira sunana. Takardata ta farko ta dawo gefenta cike da koren biro, kusan kowane sakin layi da tambaya ɗaya: ina hujjarka? A nan na koyi shiga laburare in nemo tushen magana kafin in rubuta ta. Da aka zo amsa tambayoyi huɗu na takardar neman shiga, amsar kowacce kada ta wuce kalma 350, ina da abin faɗa na gaske. Zangon karatun UCLA mako goma ne, gudu ake yi ba tsayawa, kuma wancan horon ne ya riƙe ni.

Duk da haka ban ba wani abokina ɗan Maraɗi shawarar ya bi sawuna ba. Shi injiniya yake so, kuma TAP bai shafi makarantar injiniya ba. Abin da za a duba masa shi ne lissafi da fiziks ɗin da shafin ASSIST, mai nuna kwasa-kwasan kwaleji da jami'a ke karɓa, ya jera wa fanninsa, da makin da ya ci a cikinsu. Ga aiki, ga iyali. Da a ce ya ɗora wa kansa ƙarin rubutu, da makinsa ya zube, ya yi asarar abin da ya fi muhimmanci. Raina yakan sosu in na ga yaro ya jibgi waɗannan azuzuwa don sunan kawai, alhali bai gama kwasa-kwasan fanninsa ba.

Tun zangon farko ka je wurin mai ba ɗalibai shawara ka tambaye shi ko kwalejinku tana da yarjejeniya da jami'ar da kake hari, kuma ko fanninka yana ciki. A Satumba ake cike TAG, takardar neman shiga kuwa a ƙarshen Nuwamba ake rufe karɓarta.