Wiwin da wasu suka sha zai iya fitowa a fitsarinka?

Jiya da daddare ƙanina ya kira ni hankalinsa a tashe, wai inda ya nemi aiki sun ce sai an yi masa gwajin ƙwaya, shi kuma ko sigari bai taɓa kaiwa baki ba amma su huɗu ne a ɗakin haya kuma biyu daga ciki ba sa iya barci sai sun yi naɗi. "Yaya, wallahi har kayana warin abin suke."

Na ce malam kwantar da hankalinka, ba wari ake aunawa ba. Abin da suke nema a fitsari shi ne ragowar THC, wato sinadarin da ke sa maye a wiwi, bayan hanta ta sarrafa shi, kuma sai ya kai wani mizani, galibi nanogiram 50 a mililita ɗaya, kafin a ce an ga wani abu.

An ma gwada wannan a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, sakamakon ya fito a 2015. Suka zaunar da mashaya shida da marasa sha shida a ɗan ƙaramin ɗaki, aka toshe ko'ina, aka bar su suna ta zuƙa awa guda cur har hayaƙi ya turnuƙe, to ko a hakan ma mutum ɗaya ne cikin marasa shan ya haura 50 ɗin, sai da aka sauke mizanin zuwa 20 sannan wasu suka ƙaru, shi ma cikin awannin farko ne. Da aka kunna na'urar fitar da iska kuwa babu wanda ya kai.

Shi ya sa in na ji wani ya ce ai wucewa kawai na yi ta majalisarsu, ni dai ba na saurin yarda. Tsohon uzuri ne fa, Ross Rebagliati, ɗan wasan zamiya kan ƙanƙara na Kanada, haka ya ce a gasar Olamfik ta 1998 da aka ga alamar wiwi a fitsarinsa aka ƙwace lambar zinaren da ya ci, kuma da aka mayar masa da zinarensa ba don hayaƙin ba ne, wiwi ce lokacin ba ta cikin jerin abubuwan da aka haramta.

Amma ɗakin ƙanin nawa taga ɗaya ce, ita ma sun lulluɓe ta da bargo saboda kar mai gida ya ji wari, nan ne na ɗan yi jim. Na ce ya tattaro katifarsa ya dawo wurina har ranar gwajin, zancen neman wani ɗakin kuma sai albashin farko ya shigo.